Wane yaro ne yake bin uwarsa zuwa Amurka: yadda tamu ta kasance

Tun da iyalina suka iso, da wuya wata ya wuce ban samu waya daga wani ɗan uwa da ke zaune a nan Amurka ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: idan na cike wa matata takarda, yara za su bi ta ne, ko sai na cike wa kowa tasa? Amsar tana rataye da abu uku, wato matsayinka kai mai cikewa, shekarun yaron, da irin dangantakar da takarda za ta iya tabbatarwa. Gidana ya haɗa kusan kowane irin yaro da dokar take magana a kansa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tamu ta kasance, mai tambaya ya karanta a tsanake.

Na shigo Amurka a 2014 ta shirin bizar ƙuri'a da ake ce wa DV, dab da a cire Najeriya daga cikinsa, ina zaune da katin zama na dindindin, wato girin kad. A watan Disamba na 2018 na je gida Zariya aka ɗaura mini aure da wata bazawara wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Babban namiji ne, an haife shi a tsakiyar 2000, don haka ranar ɗaurin auren ya ɗara shekara 18 da 'yan watanni. Ƙanwarsa tana da 12. Akwai kuma ta uku a ɗakin, 'yar marigayiya ƙanwar matata, wadda take riƙo tun tana goye, har yarinyar ba ta san wata uwa ba sai ita. Ni a wajena duk 'ya'ya ne, kuma da wannan zuciyar na dawo na zauna cike takardar farko ta neman kawo iyali, I-130, wadda ake aika wa hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS. A lokacin kuɗinta dala 535 ne. Daga Afrilun 2024 ta koma 675 a takarda, 625 ta intanet. Na haɗa da shaidar aurenmu da fassararta zuwa Turanci mai sa hannun wanda ya fassara, da takardar rasuwar mijinta na farko, da hotunan biki, da rasiɗan kuɗin da nake turawa gida, da I-130A wadda ita matar take cikewa. Na aika a watan Fabrairun 2019. Bayan 'yan makonni takardar shaidar karɓa ta zo, a samanta akwai wata rana da aka rubuta, ranar da fayil ya shiga layi. Wannan ranar a adana ta, domin duk lissafin da zai biyo baya daga ita yake tashi.

A shekarar nan ne kuma na cika biyar da kati, lokacin neman zama ɗan ƙasa ya yi. Kowa a masallacinmu abu ɗaya yake ce mini: yi maza ka karɓi fasfo, matar ɗan ƙasa ba ta bin layi. Gaskiya suka faɗa, amma rabin gaskiya. Kafin in aika takardar na biya wata lauya kuɗin zama na awa guda, na zayyana mata gidana. Da ta ji shekarun babban yaron a ranar aure sai ta ajiye biro, ta sa na maimaita. Ga abin da ta warware mini. Matar mai girin kad tana cikin rukunin da ake kira F2A, kuma a wannan rukunin duk ɗan da ta haifa, matuƙar bai kai 21 ba kuma bai yi aure ba, yana bin ta a cikin fayil ɗaya, ko ɗan mijin ne ko ba nasa ba ne. Amma ranar da mijin ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, fayil ɗin yana sauya rukuni da kansa ya koma na iyalin ɗan ƙasa na kusa, kuma a wannan rukunin babu mai bin wani. Mata tata takardar, kowane yaro tasa, kowacce da kuɗinta. Wannan ma da sauƙi, kuɗi ne kawai. Inda gizo yake saƙar shi ne, doka ba ta yarda ka cike wa agola takarda a matsayin ɗanka ba sai idan an ɗaura aurenka da uwarsa kafin ya cika 18. Yarinyar ta shiga, shi ya fita da tazarar 'yan watanni. Da na yi rantsuwa a 2019, da hanyarsa ta rufe ta wajena gaba ɗaya, sai ya jira uwarsa ta iso ta sami kati ta cike masa, kuma kafin nan ya haye 21 ya faɗa rukunin F2B, na 'ya'yan mai kati da suka kai 21 ba su yi aure ba. A 2022 masu F2B da ake ba biza waɗanda suka shiga layi a Satumbar 2015 ne. Shekara bakwai ke nan yaro yana zaune ba uwa ba ƙanne, kuma ba damar aure.

Na fito daga ofishin nan da takardar neman zama ɗan ƙasa a jaka, na kai ta gida na sa a durowa. Da na kira matata na yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, "Malam, duk yadda ka gani, amma ni dai ba zan iya tafiya in bar babban ba." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Maganar ta ƙare a nan.

Ita kuwa 'yar riƙon, lauyar ba ta ɓoye mini komai ba. Riƙo irin namu na gida, wanda ake ɗaukar ɗan 'yar uwa ba kotu ba takarda, doka ba ta san shi ba, haka ma takardar da ke nuna kai ne waliyyin yaro mai kula da shi. Abin da ta sani shi ne kotu ta mayar da yaro ɗanka ɗungurungum kafin ya cika 16, sannan ya zauna a hannunka bisa doka tsawon shekara biyu. Wannan kuma kowa ya san yadda yake karo da abin da addini ya koya mana na jingina yaro ga ubansa, ga shi uban nata yana raye. Mutane da yawa, har da manya masu mutunci, sun ba mu shawarar a yi mata takardar haihuwa da sunan matata a wuce wurin, wai wa zai sani. Ban yarda ba. Wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada, kuma ƙaryar ba a kan yarinyar kaɗai za ta tsaya ba, uwar da ta sa hannu ita ce ta farko. Daga baya da aka zo maganar gwajin DNA na ƙara gode wa Allah. Yarinyar tana wajen kakarta yanzu, muna ɗauke da karatunta, kuma har gobe wannan ne wurin da yake yi wa matata ciwo a cikin tafiyar nan duka.

Daga nan sai jira. A Satumbar 2019 aka haifa mana auta. Da yake ni mai kati ne a lokacin, ba ɗan ƙasa ba, ita ma biza za ta nema, amma ba ta buƙatar sabuwar I-130. Yaron da aka haifa bayan an aika takarda ana ƙara shi ne a fayil ɗin uwarsa a mataki na gaba. Sai 2020 ta zo da nata. A Fabrairu dokar shugaban ƙasa da ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama ta fara aiki, a Maris korona ta sa aka rufe ofisoshin biza, a Afrilu aka ƙara wata dokar da ta shafi iyalan masu kati na ko'ina. Ni kuma idona yana kan kalanda, domin yaron yana dosar 21. A Oktoban 2020 USCIS ta amince da takardar.

A nan ne lissafin shekaru yake shigowa, kuma shi ne abin da ya fi rikita mutane. Akwai wata doka ta 2002 da ake taƙaita sunanta da CSPA, an yi ta ne don kada jinkirin hukuma ya sa yaro ya tsufa a layi. Ga masu rukunin layi irin namu, ana duba shekarun yaron a ranar da biza ta samu gare shi, sannan a cire tsawon lokacin da I-130 ta yi a hannun USCIS kafin a amince da ita. Biza tana samuwa ne idan abu biyu suka haɗu: an amince da takarda, kuma layi ya iso kanka a jadawalin biza da ma'aikatar harkokin wajen Amurka take fitarwa duk wata. Mu mun taki sa'a, tun Yulin 2019 rukunin F2A ba shi da layi, don haka ranar amincewa ita ce ranarmu. A ranar yaron yana da shekara 20 da wata huɗu, takarda ta yi wata ashirin tana jira, da aka cire sai ya koma ɗan 18 da wata takwas a idon doka. Amma wannan shekarun ba sa tsayawa da kansu. Sai yaron ya ɗauki matakin neman bizar cikin shekara ɗaya daga ranar da ta samu, kuma hanya mafi tsabta ita ce a cike masa DS-260, wato takardar neman bizar zama, tasa ta kansa, ba ta uwarsa ba. A kula kuma, lokacin da ake cirewa na jiran amincewa ne kaɗai. Idan an amince da takarda da wuri sannan aka zauna shekaru ana jiran layi, waɗannan shekarun suna hawa kan yaron. Tun Afrilun 2023 layi ya dawo a F2A, saboda haka wanda yake da ɗan 19 ko 20 yau kada ya ɗauki lissafina ya ɗora a kan nasa.

Fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, NVC, da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. Ba zuwa ake yi ba, komai ta intanet ne da lambar fayil da suke aiko maka. Na rubuta musu na haɗa takardar haihuwar auta aka ƙara sunanta. Kuɗin biza dala 325 ne kowane mutum, jariri da babba duk ɗaya, su huɗu ya kama 1,300, sai dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, I-864, wannan sau ɗaya ake biya. DS-260 ta babban yaron na fara cikewa tun kafin ta uwarsa ta kammala, na buga shafin shaidar na ajiye. A takardar ɗaukar nauyi yara suna da tasiri, domin kowane kai yana ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake so ka nuna, wato kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Mu biyar ne da ni, a 2021 adadin dala 38,800 ne a shekara. Takardun harajina sun haye da ƙyar. Wanda nasa bai kai ba yana iya samun wani mai kati ko ɗan ƙasa ya tsaya masa, amma ya gaya wa mutumin gaskiya cewa alkawari ne da doka take iya bin sa a kai.

Takardun gida su suka fi cin rai. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so, katin asibiti ko rantsuwar shekaru ta kotu ba sa maye gurbinta. Ta auta da ta yarinyar suna nan, an yi su tun suna jarirai. Babban kuwa a gida aka haife shi, ba a yi masa rajista ba sai da wannan magana ta taso, yana saurayi. Sai kuma sunaye: a makaranta an rubuta shi da sunan kakansa, a fasfo da sunan mahaifinsa, uwar kuma a wata takarda da sunan mahaifinta, a wata da na marigayin. Duk wanda zai fara wannan tafiya ya baje takardun gidansa a tabarma ya karanta su harafi da harafi kafin ya yi wa kowa fasfo, domin gyara kafin fasfo kwana kaɗan ne, bayansa kuwa watanni. Duk wanda ya kai 16 kuma sai ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda, don haka uwar da babban suka yi. A farkon 2021 sabuwar gwamnati ta soke dokokin nan biyu, ta 'yan Najeriya a Janairu, ɗayar a Fabrairu, kuma kafin tsakiyar shekara NVC ta ce takardunmu sun cika, sai jiran ranar intabiyu.

A watan Yunin 2021 yaron ya cika 21 a zahiri. Ko da yake lissafin yana hannuna a rubuce, ranar ban yi barcin kirki ba. A nan kuma na biya farashin jinkirta zama ɗan ƙasa, domin da ofisoshi suka fara rage cunkoson da korona ta tara, iyalan 'yan ƙasa aka sa a gaba, mu muna baya. Wani abokina da ya cike wa matarsa bayana, shi ɗan ƙasa, tasa ta riga tawa isowa. Na san haka za ta faru, amma sani daban, gani daban.

Cikin wannan jiran ne baffannin yaron suka zo da wata magana. Sun ce tunda ya girma kuma ƙasar Turawa za shi, a ɗaura masa aure da 'yar gida kafin ya tafi, ko da ba a tare ba, don ya tafi da nauyi a kansa. Niyyarsu mai kyau ce. Na kira babbansu na ce, "Alhaji, wallahi idan aka shafa fatihar nan, tafiyarsa ta mutu." Ya ce ai ba takarda za a yi ba, a masallaci ne kawai. Na yi masa bayani cewa auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya, kuma auren farko da yake halal a inda aka ɗaura shi Amurka tana lissafa shi. Yaron da ya yi aure ya fita daga fayil ɗin uwarsa nan take, kuma mai girin kad ba shi da wani rukuni da zai cike wa ɗansa mai aure, sai ɗan ƙasa, a rukunin F3, inda jira yake haura shekara goma. Sharaɗin kuma ba ya ƙarewa ranar intabiyu ko ranar da aka buga biza, sai ranar da jami'i ya buga masa hatimin shiga a filin jirgin Amurka. Masu 'ya'ya mata su suka fi buƙatar jin wannan, domin a wajenmu yarinya 'yar 18 ko 19 tana zaune shekara uku tana jiran takarda, masu nema ba za su bar gidan ya huta ba.

Ranar intabiyu ta fito a tsakiyar 2022. Bizar zama a Najeriya a Legas ake yin ta, a ƙaramin ofishin jakadancin da ke Walter Carrington a Victoria Island, ba a Abuja ba. Lokacin ba a daɗe da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ba, sai suka bi ta Kano suka hau jirgin sama. A sa kuɗin masauki na aƙalla mako a lissafi, saboda gwajin lafiya yana gaban intabiyu, kuma a asibitin da ofishin ya amince da shi kaɗai ake yi. A 2022 manya hoton ƙirji, yara gwajin jini na tarin fuka, sai alluran rigakafi. Wanda ya riƙe katin rigakafin yaransa na asali ya rage musu allura ya rage wa kansa kuɗi. A lokacin allurar korona ma tana cikin sharaɗi. Ni ban je ba, ba a buƙatar mai cikewa. Matata ta ce tambayoyin ba su da yawa: yaushe aka yi aure, ina mijin yake aiki, yaushe na farko ya rasu. Babban aka fi tsayawa a kansa. Jami'ar ta tambaye shi ko ya taɓa aure, ta duba kwamfuta ta yi lissafinta, shekaru ba su zama matsala ba. Takardar haihuwarsa ce ta tsayar da ita, da ta ga an yi rajistar shekara goma sha tara bayan haihuwa. Aka ba su takardar 221(g), wadda take nufin ba a gama ba, a kawo ƙarin shaida, aka kuma ba da zaɓin gwajin DNA tsakaninsa da uwarsa.

Matata ta kira ni tana kuka, ta ɗauka an hana. Ba hani na ƙarshe ba ne. Gwajin kuma ba a yin sa a duk inda aka ga dama. Ni na zaɓi ɗakin gwaji a nan Amurka daga cikin waɗanda ƙungiyar AABB ta tantance, na biya ɗaruruwan daloli, su suka aika kayan gwajin kai tsaye zuwa ofishin jakadanci, ofishin ya kira uwa da ɗa, aka goge cikin kumatunsu da auduga a gaban jami'i, sakamako ya koma ofishin ba tare da ya bi ta hannunmu ba. Mun kuma haɗa da takardun firamarensa da sakamakon jarrabawar sakandare masu ɗauke da ranar haihuwa ɗaya. Abin ya ci wajen wata biyu da wani abu, ga tafiya Legas karo na biyu. Damuwata a lokacin gwajin lafiya ce, saboda wa'adin biza yana bin ranar gwajin, yawanci wata shida, don haka da fasfo suka fito kwanakin da suka rage ba su da yawa, tikiti kuma ya yi tsada. Na biya wa kowa dala 220 na buga kati, wanda yanzu ya zama 235. Tare suka taso, domin masu bin fayil ba sa riga mai fayil shiga ƙasar; za su iya zuwa tare da ita ko bayanta, amma ba gabanta ba. Da yake aurenmu ya wuce shekara biyu ranar da suka sauka, katin shekara goma aka ba su, ba na wucin gadi mai shekara biyu ba.

Sai bayan nan na ciro takardar nan daga durowa, na yi rantsuwa a 2023. Ko a nan yaran ba su zama ɗaya ba. Auta ta zama 'yar ƙasa ranar da na yi rantsuwa ba tare da an nema mata ba, saboda 'yata ce ta jini, ba ta kai 18 ba, tana da kati kuma tana zaune a hannuna. Fasfo kawai muka je muka yi mata. Wannan dokar ba ta hawa kan agola, don haka yayarta sai ta cika shekara biyar da kati ta nema da kanta, haka shi ma babban. Shi akwai ƙarin abu guda da ake mantawa: duk namiji mai shekara 18 zuwa 25 da ke zaune a ƙasar, ko da mai kati ne, wajibi ne ya yi rajistar da ake kira Selective Service, kuma ana tambayarta ranar neman zama ɗan ƙasa.

Ba kowa nake ba shawarar ya jinkirta rantsuwa ba. Wanda duk yaran nasa ne na jini, ko agololin da ba su kai 18 ba ranar aure, zama ɗan ƙasa ya fi masa matuƙar yaran ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba, domin babu layi, kuma shekarun yaron suna tsayawa cak a ranar da aka karɓi I-130 ɗinsa. Abin da zai yi kawai ya cike wa kowane yaro tasa takardar, kada ya zauna yana zaton suna cikin ta uwarsu. Mai mata biyu ya sani Amurka auren farko kaɗai ta sani, amma 'ya'yan amarya 'ya'yansa ne, yana iya cike wa kowannensu. Wanda kuma ɗan uwansa ɗan ƙasa ya cike masa a rukunin F4, inda ake jira fiye da shekara goma, ya fara lissafin shekarun yaransa tun yau, domin a can ne aka fi barin manyan 'ya'ya a baya. Kuɗaɗe da dokokin shiga na 'yan Najeriya suna sauyawa da sauyin gwamnati, kamar yadda muka gani a 2020 da 2021, saboda haka a duba shafin USCIS da na ma'aikatar harkokin waje a makon da za a aika takarda. Kafin a je wajen lauya kuma a rubuta ranaku huɗu a takarda guda: ranar haihuwar kowane yaro, ranar ɗaurin aure, ranar da aka karɓi I-130, da ranar da ake sa ran rantsuwa. Da su zai yi aiki, kuma awa ɗayan da aka biya za ta isa.